Ranar da Na-Sani Ya Ramar da San Surukinsa

Mijin Auta sana'arsa manna wa wayoyi gilashin kariya a bakin kasuwa, a kan wani ɗan tebur da aka tokare ƙafarsa ɗaya da bulo. Amma in ka ji shi yana zance sai ka rantse shi ya ƙera wayoyin, ya ƙera masu wayoyin. Ba a taɓa fara gaya masa magana an kai ƙarshenta ba. Kana buɗe baki zai ɗaga maka hannu ya ce, "Na sani." Tun ana kiransa Na-Sani a bayan idonsa har aka koma kiransa a gabansa, shi kuwa bawan Allah ya ɗauka yabo ne, yana amsawa da fara'a.

Surukinsa, mahaifin Auta, wanda duk layin ke kira Baba, dattijo ne siriri marar yawan magana, sai fa a kan abu ɗaya, wato sansa. Bayan ya ajiye aikin gadi ya koma gonar ƙanensa can nesa da gari, ya turke wani maraƙi, ya yi ta ɗura masa dusa da harawa, yana wanke shi da hannunsa, har maraƙi ya zama bijimin da masu wucewa ke tsayawa kallo. Masu shirin noma da kiwo na talabijin suka ji labari, suka je suka ɗauke su tare. Ba a jima ba ciwon gwiwa ya matsa wa Baba, dole ya sayar da san a can ya dawo gida. Duk layin babu wanda ya taɓa ganin san nan da idonsa. Hoto ɗaya aka taɓa ɗauka a waya, Na-Sani ne ya ɗauka, kuma abin da ya fito a ciki babban yatsansa ne da ɗan gefen ƙaho.

To, ga Mahauci. Maƙwabcin Baba ne, abokinsa tun suna samari, kullum da yamma benci ɗaya suke zama a ƙofar gida. Duk ranar da Baba ya ce tozon san ya kai masa kunne, sai Mahauci ya gyara hula ya dubi mutanen benci.

"Jiya a kafaɗa ka ce."

"Ban ce ba."

"Mai Sa, ni fa da wuƙa na tsufa, na san iyakar girman sa. Naka dai tun da aka sayar da shi yake ƙara girma. Nan da baɗi sai an kafa tsani kafin a shafa bayansa."

Sai a kwashe da dariya, Baba ma ya ɗan taya su. Amma abin yana ci masa rai ƙwarai. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana gadin kayan mutane, ko allura ba a taɓa cewa ta ɓata a hannunsa ba, yau a kan sansa na kansa ake masa kallon mai ƙarin gishiri.

Ana haka sai aka aiko masa cewa ran Asabar da yamma za a nuna shirin. Baba ya bi gida-gida yana dogara sanda, ya gayyaci mutanen benci kaf. Mahauci ya ce kafin ranar bari ya leƙa ya ga sabuwar talabijin ɗin da babban ɗan Baba ya aiko, irin mai faɗin nan marar ƙeya. An haɗa ta da tsohuwar dikodar gidan mai kamo tashoshi, tun ranar kuwa duk wanda ya fito a ciki gajere ne mai faɗi, kamar an zauna masa a ka. Mahauci ya tsaya ya ƙare wa mai karanta labarai kallo, ya ga kumatu har suna neman taɓa kafaɗa.

"Yanzu na gane," in ji shi. "A wannan akwatin ko akuya aka nuna ai sa ne. Ka iya zaɓen shaida, Mai Sa."

Da Mahauci ya fita, Baba ya kira Auta a waya ya ce ta nemo masa mai gyara. Ya ce ba ya son akwati ya ƙara wa sansa ko tsoka ɗaya, yadda Allah ya yi shi haka yake so a gan shi. Tsautsayi ya sa Na-Sani yana kusa.

"Mai gyara? Ina raye?" Ya karɓe wayar daga hannun matarsa. "Baba, ku kwantar da hankalinku. Wannan ai ba gyara ba ne, gaisuwa ce. In na zo, kafin ruwan shayi ya tafasa an gama."

"Ka taɓa gyara irinta?" in ji Auta bayan ya ajiye.

"Talabijin ai waya ce da ta girma."

"Don Allah in ba ka iya ba ka ce ba ka iya ba. Baba bai taɓa tara mutane a ɗakinsa ba sai wannan karon, kuma ka san yadda..."

"Na sani."

Ran Asabar da rana tsaka ya iso, Auta na biye da shi. Ya rataya jakar aikinsa, ya ɗora wani tabarau da ba na ciwon ido ba ne, na dai cika ido. Tun daga bakin layi yake sanar da mutane abin da ya kawo shi, saboda haka kafin ya kai ƙofa Tela ya rufe shagonsa ya biyo shi da tef ɗin awo a wuya, Direba ma da ke wanke motarsa ya ajiye bokiti ya taho. Falon Baba ɗan ƙarami ne. Kujera doguwa ɗaya, gajeru biyu, fanka mai kuka a sama, talabijin kuma a kan kabat ɗin da Inna, matar Baba, ke jera kwanukanta na baƙi. An share, an shimfiɗa tabarmi, Baba har ya saka rigarsa mai guga tun lokaci bai yi ba.

Na-Sani ya gaida surukansa, ya miƙe ya tsaya gaban talabijin hannu a ƙugu, yana gyaɗa kai kamar likitan da ya gano cuta tun daga bakin ƙofa.

"Ina rimot?"

Inna ta miƙo masa guda biyu, kowanne a naɗe cikin leda an ɗaure da zare. Ledar ta dushe har ba a ganin rubutun madannan. Ya sa farce ya yage su duka.

"Wayyo, ledata," in ji Inna. "Tun ranar da aka kawo su na naɗe."

"Inna, ita ce ma rabin matsalar. Tana toshe iska."

Ya ɗauki ɗaya ya nuna wa akwatin ya danna. Babu abin da ya faru. Ya buga shi a tafin hannu ya sake dannawa. Auta ta ce a hankali, "Na dikoda ne wannan, kana nuna wa talabijin." Ya ce ya sani, gwada batir yake yi. Ya ɗauki ɗayan ya danna wani madanni da ya yi masa kama da na masu ilimi, nan take hoton ya yi tsalle ya matso. Mutumin da ke magana a ciki ya koma daga wuya zuwa ciki, baki babu, ido babu, sai maɓallan riga suna hawa da sauka.

"Ina kan mutumin?" in ji Inna.

"Yana nan, ya hau sama ne."

"To sauko mana da shi."

Ya sake dannawa. Kai ya dawo, amma sai wasu baƙaƙen layuka masu kauri suka rufe sama da ƙasan allon, mutumin ya zama ɗan mitsitsi a tsakiya, faɗinsa kuma yana nan yadda yake. Baba ya sunkuyo daga kujerarsa.

"Ɗan nan, ɗazu talabijin ɗina cike take. Wa ya cinye rabi?"

"Baba, sai an rage kafin a ƙara. Haka aikin yake."

Direba ya ce shi a tasa dikodar, in an shiga wajen saiti, akwai wani wuri da aka rubuta lambobi biyu da ɗigo a tsakani. Na-Sani ya ɗaga masa hannu. Ya ce dikodar direbobi daban, ta dattawa daban. Sai dai a ɓoye ya shiga neman wurin, ya buɗe nan ya rufe can, ya yi sama ya yi ƙasa, ya danna amincewa a kan abin da bai karanta ba. Rubutun allon gaba ɗaya ya rikiɗe ya koma wasu ƙugiyoyi da 'yan akwatuna da babu wanda ya taɓa ganin irinsu a falon.

Tela ya matso ya ƙura wa allon ido.

"Wannan kuma wane yare ne?" in ji Tela.

"Na masu kamfanin ne," in ji Na-Sani, gumi na tsattsafo masa a ƙarƙashin tabarau. "Ba kowa suke buɗe wa nan ba. Sun gane hannu ne."

"Kana iya karantawa?"

"Ba karatu ake yi ba, ganewa ake yi."

Auta ta tashi ta shige madafa, don ta san fuskarta za ta tona masa asiri. Ya bi ta da harara, ya koma kan aikinsa. Ya zare wayoyin bayan dikoda ya hura musu iska ya mayar, ja a gurbin fari, fari a gurbin ja, sai ga hoto babu murya. Ya sauya, sai ga murya babu hoto. Wajen leƙa bayan kabat gwiwar hannunsa ta ture murfin kwanon Inna, murfi ya faɗo yana ta juyi a ƙasa yana ƙara, kowa ya zuba masa ido har ya gaji ya kwanta. Inna ta zo ta kwashe sauran kwanukan ɗaya bayan ɗaya ta kai ɗaki.

Cikin wannan lalube ne ya gano wani abu, kuma gaskiya ya gano ɗin. Ashe talabijin tana da nata madannin faɗi da tsawo, dikoda ma tana da nata. In ya danna na wannan mutane su kumbura, in ya danna na waccan su tsuke, in ya haɗa biyun abin ya ninka. Nan fa ransa ya dawo. Ya riƙe rimot ɗaya a dama ɗaya a hagu, yana kumbura mutane yana sace su, yana dariya shi kaɗai.

"To wanne ne daidai a ciki?" Baba ya tambaya. "Ni shi kaɗai nake nema."

Na-Sani ya kalli mutumin da ke allon, ya ga bai san shi ba, balle ya san ko mai jiki ne ko marar jiki. Ya cire tabarau ya goge ya mayar, sai dabara ta faɗo masa, irin dabarar da shi kansa sai da ya ji tsoron kaifin kansa.

"Ƙwallo," in ji shi. "Mutum yana iya zama mai ƙiba ko siriri, amma ƙwallo duk duniya zagayayya ce. In tsawonta da faɗinta suka zo ɗaya, hoto ya daidaita. Tela, ara mini tef."

Har Direba sai da ya gyaɗa kai, don maganar ta yi ma'ana. Na-Sani ya yi ta sauya tasha har ya faɗa kan wani koren fili, 'yan kallo cike, ga ƙwallo an nuno ta kusa, kwance a kan ciyawa kafin a fara wasa. Doguwa ce ta gefe, mai tsini nan da nan, kamar ƙwai.

"Kun gani? Kun ga irin ɓarnar da akwatin nan ke yi?"

Ya danna na dama, ƙwallo ta ɗan tsuke. Ya ɗora tef, da saura. Ya danna na hagu, ta ƙara tsukewa, baƙaƙen layuka suka tsaya a gefe da gefen allon kamar labule. Ya auna tsaye, ya auna kwance, ya juyo yana haƙi.

"Tela, kai ne mai awo. Faɗa musu."

Tela ya matso ya duba. "Kusan ɗaya ne."

"Cire kusan."

Aka fara wasa. 'Yan wasan suka fito, ga su nan daidai misali, ba ƙiba ba rama, kamar kowane ɗan ƙwallo. Abin da ya ɗaure wa Tela kai shi ne, wani ya sunkuya ya ɗauki ƙwallon da hannu ya rungume ta ya zura da gudu, sauran suka bi shi suka danne, alƙalin wasa yana kallo bai ce uffan ba.

"Ya haka? Da hannu?"

"Sabuwar doka ce," in ji Na-Sani.

"Kuma ragar ba ta da raga, sanduna ne dogaye."

"Ana gyaran filin ne."

Direba ya ƙura ido yana sosa gemu. "Anya wannan ba wasan nan ba ne na ƙarti, wanda ƙwallonsu dama can..."

"Na sani," in ji Na-Sani, ya sauya tasha ya mayar inda za a yi shirin Baba, ya kashe akwatin don ya huta. Da ya bari Direba ya ƙarasa, da ya ji cewa zari-ruga ake kiran wasan, ƙwallonsa dama can kamar ƙwai aka yi ta, 'yan wasansa kuwa ƙarti ne masu faɗin ƙofa, matse su da ya yi ne ya mai da su mutane kamar kowa.

Rana ta yi sanyi, mutanen benci suka fara shigowa suna cire takalma. Falo ya cika, wasu a tabarma, wasu a bakin ƙofa, matan maƙwabta suna leƙe ta taga tare da Inna da Auta. Mahauci ya zo a ƙarshe, aka ba shi kujera kusa da Baba. Ya dubi baƙin allon, ya dubi Na-Sani da ke tsaye da rimot biyu a ƙirji.

"An gyara mai shaidar?"

Da Na-Sani ya ce "an gyara" ya yi shiru, da an rabu lafiya. Amma ina, ya ga taro.

"Gyara kai, Baba Mahauci? Ai yanzu akwatin nan a tafin hannuna yake. Kun ga yatsun nan biyu? Wanda na ga dama in ƙara masa ƙiba, wanda na ga dama in ramar da shi. Ɗan akuya in na so sai in mai da shi ya cika allon nan. Ku tambayi Tela, a gabansa na yi ta yi."

"Ya yi kam," in ji Tela.

"To madalla," in ji Mahauci, ya gyara zama. "Jama'a kun dai ji da kunnenku."

Baba ya ɗago ya dubi surukinsa, ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai kiɗan buɗe shiri ya taso, don Na-Sani ya riga ya kunna.

Mai gabatarwa ta fito. Mace ce da duk layin suka saba gani cike da kujerarta, yau ga ta kamar an zare ta daga cikin tsintsiya. Wata daga taga ta ce, "Allah sarki, ciwo ta yi?" Na-Sani ya ce haka take tun asali, da can akwatin ne ke yi musu ƙarya. Aka nuna gona, aka nuna bishiyoyi dogaye sirara, aka nuna wata bukka mai kama da hular da aka matse. Sai mai gabatarwa ta ce yanzu za su gana da wani dattijo da ya nuna wa matasa yadda ake kiwo. Baba ya dafa gwiwoyinsa ya miƙe zaune.

Ga Baba a allo. Dama yaya lafiyar jikin, balle an matse. Riga ce kawai a tsaye da hula a samanta. A gefensa kuma, riƙe da igiya, ga wata halitta mai dogayen ƙafafu, ƙirji a tsuke, ƙahoni a haɗe kamar almakashi, tozo ya yi tsini sama.

Kowa ya kau da ido don kunya. Mahauci ne ya fara magana, da murya mai taushi kamar mai ta'aziyya.

"Mai Sa, barewa ka kiwata?"

Falo ya ɗauka. Direba ya kifa kai a gwiwa, Tela yana dukan tabarma, na bakin ƙofa suna tambayar na ciki me aka ce, in an gaya musu su ma su fashe. Baba bai yi dariya ba ko kaɗan. Ya juyo ya ce, "Ɗan nan, wannan ba sana ba ne."

"Baba, awo ba ya ƙarya, Tela shaida..."

"Ka mayar mini da shi."

Na-Sani ya danna na dama da na hagu a tare. Allon ya buɗe fal, sa ya bazu daga wannan gefe zuwa wancan, ƙafafu gajeru kamar turmi, ciki na jan ƙasa. Wani daga baya ya ce, "Kai, wannan sa ne." Amma ga Baba ma a gefe ya zama wani gajeren attajiri mai tumbi, wuya ya nutse cikin riga.

"Yanzu kam sa ya kai yadda kake faɗa," in ji Mahauci. "Sai dai ka gaya mana yaushe ka yi wannan tumbin, kuma a ina ka ajiye shi da za ka dawo."

Na-Sani ya sake dannawa. Hoto ya yi tsalle ya matso, babu Baba babu sa, sai wutsiya tana korar ƙuda, ta cika allon. A bayanta ana jin muryar Baba na cikin akwati yana bayanin yadda yake tashi da asuba ya jiƙa dusa, yadda san ke gane takunsa tun daga nesa, amma dariya ta hana kowa ji. Auta ta turo kai ta taga, idonta ya kawo ruwa.

"Don girman Allah ka ajiye rimot ɗin nan."

"Saura kaɗan, na gano..."

"Ka ajiye."

Bai ajiye ba. Tabarau ya zame masa zuwa kan hanci, rigarsa ta jiƙe, yatsunsa suna ta aiki kamar ba nasa ba. Sa ya rame, sa ya kumbura, sa ya rasa kai, sa ya koma ɗan mitsitsi cikin baƙin akwati. Kowane sauyi da irin sunan da Mahauci ke raɗa masa, mutane har sun fara yin odar wanda suke so a maimaita. Can, ba da saninsa ba, ba kuma da iyawarsa ba, dannawar dama da ta hagu suka faɗa inda ya kamata. Hoton ya cika allon, komai ya zauna a mazauninsa.

A lokacin an gama hira da Baba, an bar san shi kaɗai a fili. Yana tsaye a gefe, fari sol, fatarsa na sheƙi, wuya ya sauko ninki-ninki, tozo ya kwanto gefe ɗaya don nauyi. Ya juyo da kai a hankali ya dubi masu kallo. Babu mutum kusa da shi, babu bishiya, babu abin da za a gwada shi da shi, sai ciyawa da sarari.

"Tsaya," in ji Baba. "Kada ka taɓa. Shi ne wannan. Haka yake."

Dariya ta ɗan lafa. Ko makaho ya san an nuno dabba ta gaske, Mahauci ma ya ɗan yi jim yana kallo, don idonsa idon sana'a ne. Na-Sani ya ga alamar nasara, ya share gumi, ya ɗaga rimot sama.

"Kun gani? Ban ce muku sai yadda na ga dama ba?"

Shi ke nan. Mahauci ya saki numfashi ya jingina da kujera.

"Ka ji ko, Mai Sa? Da bakinsa ya faɗa. An nuna mana ramamme ba ka so, an nuna mana ƙato ya yi yawa, yanzu suruki ya zaɓo maka na tsakiya mai kyau. Ni ma in ina da suruki mai irin wannan yatsa, kazata sai ta fi haka."

"Wallahi haka yake," in ji Baba. Bai taɓa rantsuwa a kan san ba sai ranar.

"Ba mu ƙi ba. Sai dai a cikin huɗu ko biyar ɗin da muka gani, kowa ya ɗauki wanda ya yi masa. Ni dai barewar nan ta kwanta mini."

Aka sake fashewa. Mutane suka fara miƙewa suna neman takalmansu, kowa na maimaita abin da ya fi ba shi dariya. Tela ya zare tef ɗinsa daga aljihun Na-Sani ya ce sai da safe. Direba ya tsaya a bakin ƙofa kamar zai ce wani abu game da ƙwallo, ya dubi fuskar Baba, ya fasa ya fita. Babu wanda ya sake waiwayar allon, inda san ke tafiya a hankali yana kaɗa wuya, har rubutun ƙarshen shiri ya hau kansa.

Falo ya rage daga Baba sai surukinsa. Baba bai motsa ba sai da aka sa talla. Na-Sani ya ajiye rimot biyun a hannun kujera, a hankali kamar masu zafi. Tausayin tsohon ya kama shi, kunya kuma ta rufe shi, amma bakin da ya saba ba ya zama haka nan.

"Baba, ai dai a ƙarshe hoton ya..."

"Ya gyaru," in ji Baba. "Sannu da aiki. Auta, kawo wa mijinki ruwa, ya gaji."

Washegari da yamma Baba ya fito benci kamar kullum. Mahauci ya matsa masa wuri, ya jira, ya ƙara jira, har ya gaji ya tsokane shi da kansa.

"Yau tozon a ina ya tsaya, Mai Sa?"

Baba ya dubi titi ya ce da alama za a yi ruwa. Mahauci ya yi dariya shi kaɗai, dariyar ta mutu a bakinsa. Ya sake gwadawa jibi, ya gwada gata, har da cewa shi fa wasa yake yi, sa kam ya ga sa. Baba ya ce Allah ya kyauta, ya tambaye shi ya kasuwa. Daga ranar har yau ba a sake jin zancen san nan a bakinsa ba.